Gona Cike da Albarka, Kwano Cike da Gayan Tuwo

'Yan uwa malamai, ƙasar Danja ce ke loda tumatir da rake a manyan motoci, amma ɗalibinmu kan zo aji da kokon safe kaɗai, ya yi ta gyangyaɗi kafin a fita tara.

Malaman addinin Kirista suna da ƙofa a buɗe. Babi na farko na Littafin Daniyel ya ba da labarin samari huɗu da aka gwada kwana 10 da kayan lambu da ruwa, suka fi masu cin abincin sarki kyan jiki. Ɗan shekara shida zai riƙe wannan labari. Daga nan sai a nuna masa masara da dawa don ƙarfi, wake da gyaɗa don ginin jiki, zogale da alayyahu don kariya daga cuta.

Kada mu koya wa ɗan talaka abincin da mahaifinsa ba zai iya saye ba. Awara da kwaɗon zogale sun isa darasi. Malaman addinin Musulunci ma suna koyar da cewa jiki amana ne. Reshenmu na roƙon kowace makaranta ta shuka zogale a daminar bana.