Kifin Maldibs ya samu suna, namu fa?

A shekarar 2022 masana suka tabbatar da wani sabon nau'in kifi a cikin duwatsun murjani na tekun Maldibs. Tun shekarun 1990 ake kamo shi ana ɗaukarsa wani kifin ne daban, sai da aka ƙirga ɓawonsa aka duba launinsa da kyau. Cikin waɗanda suka yi aikin har da ɗan ƙasar, Ahmed Najeeb, kuma sunan da aka raɗa masa, finifenmaa, daga harshensu na Dibehi ne, sunan furen da ƙasar ke alfahari da shi.

Na ga wasu na dariya a nan, wai ana fama da tsadar taki ana maganar kifi. To ku saurara.

Akwai wani ɗan kifi da ke rayuwa a kududdufan damina, ruwa ya ƙafe ya mutu, ƙwansa ya kwana a cikin laka har wata damina ta zagayo. An samo shi a kogin Kiyawa, wajen Katagum, kuma wani Bajamushe, Ernst Ahl, shi ya raɗa masa suna a 1928: kiyawensis. Kusan shekara ɗari ke nan. Sunan kogin namu ne, aikin na wani.

Yanzu ku gaya mini, wa ke riƙe da cikakken jerin kifayen dam ɗin Mairuwa, ko Gwaigwaye, ko na Malumfashi? Ina nufin jerin da manomi ko masunci zai iya gani. Muna da cibiyar binciken kifi a New Bussa, ga jami'o'i a Zariya da Dutsin-Ma, amma tsohon masunci mai rarrabe tarwaɗa da kurungu da ƙawara da gaiwa ko cikin duhu, shi zai mutu da iliminsa a ka.

Kuma wallahi lokaci ba ya jiranmu. Maganin ciyawa da muke fesawa a gonakin masara, ruwan sama ke wanke shi zuwa rafi. Masu zuba gamalin su kwashe kifi ba su daina ba. Gidan sauron da aka raba don yara, an mai da shi koma, tana tatse har 'ya'yan kifi. Abin da ba a taɓa rubutawa ba, in ya ƙare wa zai ce ya ƙare?

Kuɗin hidimar taron bita guda a otal zai kai ɗalibai bakin Mairuwa su zauna da masunta damina guda, su rubuta kowane kifi da sunansa na Hausa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san yadda ake kasafta irin wannan kuɗin.