Dariya a Kan Gawa: Ƙorafi Kan Kashi na Biyu na Fim Ɗin Kingsman

Masu iya magana na cewa yabon gwani ya zama dole, don haka za mu fara da yabo kafin suka. Fim ɗin Kingsman: The Golden Circle, wanda Matthew Vaughn ya shirya ya fito a 2017, labari ne na 'yan leƙen asirin Ingila da Amurka, mai cike da faɗa da barkwanci. Jigonsa na da nauyi. Wata dillaliyar miyagun ƙwayoyi, Poppy, ta sa guba a hajarta don ta tilasta wa Amurka halatta sana'arta, shi kuwa shugaban ƙasa ya ƙudura a bar mashaya su mutu, a huta. A ƙasar da sai da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, tambayar ko mashayi majinyaci ne ko abin zubarwa ta shafe mu kai tsaye.

Sai dai fim ɗin ya rushe abin da ya gina. A kashi na farko an harbi Harry Hart a ka, mai kallo ya yi jimami. A na biyu sai ga shi da rai, wai wani magani ne ya cece shi. Idan mamaci na dawowa, ina darajar mutuwa a labari? Daɗin daɗawa, an jefa mutum cikin injin niƙa nama, aka yi abinci da shi, kuma ana son mu yi dariya.

Wasu za su ce ai wasa ne. Muna tunatar da su cewa matasan Kafanchan da Zonkwa da Kagoro da ke kallon irin waɗannan finafinai a wayoyinsu 'ya'yan ƙasar da ta ga rikicin Kafanchan na 1987 ne, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011. A gidajenmu, Musulmi da Kirista, akwai waɗanda suka fita ba su dawo ba, ba kuwa maganin da ya tashe su.

Ba ma kiran a hana kallo. Kiranmu ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu ne: ku ɗauki saurin labari da kaifin tambaya daga wannan fim, ku bar masa arhar rai. Duk wanda alƙalaminku ya kashe, ku nuna mana uwarsa da marayunsa.