Tsohon Soja, Bakanike, Gwanin Tuƙi: Tarihin Da Muke Binnewa Ba A Rubuta Ba

Ranar 15 ga Janairun kowace shekara Nijeriya ke tunawa da 'yan mazan jiya. A ajiye furanni a Abuja da manyan biranen jihohi, a yi addu'a, a watse. Amma tsohon sojan da ya tuɓe kaki ya koma Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya buɗe gareji, sunansa ba ya shiga jawabin kowa. Ranar da ya cika, a yi zaman makoki, labarinsa ya bi shi kabari. Wannan asara ce, kuma lokacin tsayar da ita yana ƙurewa.

Waɗannan bayin Allah sun yi wa ƙasa aiki sau biyu. A Yaƙin Duniya na Biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun gwabza da Japan a dazukan Boma, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin Nijeriya. Soja ba ya tafiya sai da direba da bakanike, don haka da yawa suka dawo bayan 1945 da sana'a a hannu. Haka aka sake yi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da rundunar sojan Nijeriya ta kumbura daga kimanin mutum 10,000 zuwa kusan 250,000, daga baya aka sallami da dama. Wasunsu suka riƙe sifana da sitiyari, suka raya motocin da ke kai auduga Funtuwa da hatsi kasuwannin Sheme da Dandume, suka yaye yaran da su ma suka zama iyayen gida. Cikinsu har da masu sha'awar tsere, waɗanda ke gyara inji da hannunsu su gwada ƙarfinsa a kan hanya. Mun san Janar Hassan Usman Katsina da wasan folo domin an rubuta. Gwanintar talaka kuwa a bakin tsara take, tsarar kuma tana ƙarewa.

Wani zai ce yankin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, tsaro yake nema, ba tarihi ba. Gaskiya ne rai ke gaba da komai. Sai dai rashin tsaron ne ke gaggauta asarar: dattijon da aka raba da ƙauyensa yakan bar takardar sallama da lambobin yabo a baya. Kuma matashin da ya shiga rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023 yana kallon yadda aka yi da na gabansa. In ya ga an manta da su, da wace zuciya zai tsaya?

Wani kuma zai ce addu'a ta ishi mamaci. Ba gunki ake neman a gina ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta rayuwar mutanen zamaninsa a Infaƙul Maisuri, kuma da ita muke ƙaruwa har yau. Mai ganin tseren mota ganganci ne, ya tuna bikin Argungu ya daɗe da gasar motoci mai ƙa'ida. Labarin gwani da ya san birki kafin totur shi ne maganin wasan mota na gidan biki.

Wanda ya shiga yaƙin basasa yana ɗan shekara 18 ya haura 70 yanzu. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ƙungiyar tsofaffin sojoji, da ta makanikai, su haɗa hannu su naɗi muryoyin dattawan nan tun suna raye. Mai karatu kuma, in akwai irin wannan dattijo a gidanku, ɗauki waya ka zauna gabansa yau.