Filin Mata: Mai Wankau da Ta Kafa Kamfanin Man Kitso

 Yau labarin wani kamfani na kawo muku daga Amurka, musamman domin mai ganin jarinta ya yi kaɗan.

Wadda ta kafa shi baƙar fata ce, sunanta Sarah Breedlove. An haife ta a Luwiziyana cikin 1867, iyayenta kuwa 'yantattun bayi ne. Tana da shekara 7 ta zama marainiya, ta yi aure tana da 14, mijin ya rasu tana da 20, ya bar ta da 'ya ɗaya. Sai ta koma birnin St. Louis tana wankau don su ci abinci.

Ana nan sai amosani ya kama ta, gashinta ya yi ta zuba. Garin neman magani ta shiga tallan man gashi na wata mata, Annie Malone, ta koyi sana'ar. Cikin 1905 ta tashi zuwa Denver, ta fara haɗa nata man da basilin da farar wuta, tana bi gida gida tana nuna wa mata yadda za su wanke kai su shafa. Da ta auri Charles Walker a 1906, sai aka san ta da Madam C. J. Walker, sunan da kamfanin ya ɗauka ke nan.

A 1910 ta mai da kamfanin Indianapolis, ta gina ma'aikata da makarantar koyon gyaran gashi. Dubban mata suka zama dillalanta, kowace tana cin riba daga abin da ta sayar. Ta rasu a 1919 tana cikin manyan attajirai mata na ƙasarta. 'Yarta A'Lelia ta gaje ta, kamfanin kuwa ya ci gaba har 1981.

To, ku duba. Matar nan ba ta cinye uwar kuɗi wajen biki da kayan ado ba, tana mai da riba cikin sana'a. Ke uwargida mai man shanu ko ƙuli-ƙuli, ware jari daban da kuɗin cefane, kada bashi ya karya ki. Ke kuma 'yar makaranta, riƙe lissafi da kyau, gama shi ne makullin ciniki. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya sa albarka a sana'armu. Sai mako mai zuwa.