Haƙƙin Tsohon Kare a Kan Ubangidansa



Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ɗauki nauyin arzikin kowane mai rai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwana matasa, na san wasunku za su yi mamakin abin da na zaɓa in yi magana a kansa yau, domin kuwa a wurinmu sunan kare ya fi yawo a bakin masu zagi fiye da bakin masu nasiha. Sai dai ko mun so ko mun ƙi, karnuka suna cikin gidajenmu da gonakinmu da rugagenmu. Mafarauci yana da nasa, makiyayi yana da nasa, kuma matsalar tsaro ta sa magidanta da dama a birni sun ajiye na gadi. Muddin kare yana da ƙarfin haushi, ba ya rasa ƙanzo da sauran tuwo. Amma ranar da shekaru suka cim masa, haƙarƙarinsa suka fito ana iya ƙirgawa, aka tura masa kasko ya shinshina ya kau da kai, sai ka ji maigida ya ce ai tsufa ne, a rabu da shi. Wani ma buɗe ƙofa zai yi ya kora shi bola, inda yara za su ƙarasa shi da jifa.

Ra'ayina a nan ba mai tsawo ba ne. Wanda ya ajiye kare ya amfana da shi, ciyar da shi da neman lafiyarsa suna wuyansa har ranar da ransa zai fita. Ƙin cin abinci kuwa, a mafi yawan lokuta, alamar ciwo ce da ake iya bincikowa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Matsayin al'amarin a addini

Haƙiƙa shari'a ba ta sakar mana ajiye kare haka kawai ba. Hadisai ingantattu sun nuna cewa ladan mutum yana raguwa kullum idan ya ajiye shi ba da wata buƙata ba, aka togace na farauta da na kiwo da na gona. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan buƙata ta kama. Masu sharhin Risala ma sun hakaito cewa marubucinta, Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, shi da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron maɓarnata. Saboda haka ba ina kiran kowa ya je ya nemo kare ba ne. Maganata tana kan wanda ya riga ya ajiye.

Shi wannan kuwa, ya kamata ya san abin da Izzuddin bin Abdissalam, babban malamin da ya rasu a shekara ta 660 bayan Hijira, ya zayyana a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam game da haƙƙoƙin dabbobi a kan mutum. Daga cikinsu akwai ci gaba da ɗaukar nauyinsu ko da sun tsufa ko sun yi rashin lafiyar da ba a sake amfana da su. Ka lura, ɗan uwa, wannan malami bai rataya haƙƙin a kan amfani ba.

Kowannenmu ya taɓa jin ƙissar mutumin da ƙishirwa ta kama shi a hanya, ya shiga rijiya ya sha, da ya fito ya tarar da kare yana lasar danshin ƙasa, sai ya koma ya ciko huffinsa ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Imam Malik ya kawo ta a Muwaɗɗa, Bukhari da Muslim ma sun ruwaito ta daga Abu Huraira (RA). Haka nan sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Karen da ke cikin ƙissar farko ba mallakar mutumin ba ne, bai taɓa yi masa gadin dare ɗaya ba. To ina ga wanda ya shekara takwas yana kwana a bakin ƙofarka, cikin sanyin hunturu da ruwan damina, kai kana barci?

Me ke hana shi ci?

Likitocin dabbobi suna ɗaukar kare a matsayin wanda ya manyanta daga wajen shekara 7, manyan jinsi ma kafin haka. Tsufa yana rage jin ƙamshi da kuzari, amma shi kaɗai ba ya sa dabba ta daina cin abinci gaba ɗaya. Kusan kullum akwai wani abu a ƙasa.

Na farko, baki. Babban kare yana da haƙora 42, kuma ciwon dasashi da ruɓewar haƙori suna cikin abubuwan da suka fi damun tsofaffinsu. Idan ka ga ya matso kusa da kasko da alamar yunwa, ya ɗauki loma ya yar, ko yana tauna da gefe guda, ko bakinsa yana wari ƙwarai, to mai yiwuwa yana son ci, zafi ne ya hana shi. Ƙanzo da ƙashin da yake murƙushewa a da sun zame masa azaba.

Na biyu, kaska da tsutsar ciki. A ƙasarmu mai zafi kaska tana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke lalata jinin kare, su sa masa zazzaɓi da kasala. Dasashin lafiyayyen kare yana da ja-ja mai haske. Idan ya koma fari fat ko ruwan ɗorawa, jini ya yi ƙasa ko hanta ta taɓu. Wannan kuwa yana da magani idan an gano da wuri.

Na uku, cututtukan cikin jiki irin su ciwon ƙoda, da na hanta, da ciwon suga, da ciwon daji. Alamar da mai gida zai iya kamawa ita ce yawan shan ruwa da yawan fitsari tare da ramewa. Karya da ba a yi wa aikin hana haihuwa ba, idan ta tsufa, mahaifarta kan tara mugunya, kuma wannan yana kisa cikin 'yan kwanaki idan ba a hanzarta ba. Akwai kuma ciwon gaɓoɓi, wanda kan sa tashi zuwa wurin abinci da sunkuyawa su zama aiki, ballantana idan akwai ƙananan karnuka masu ture shi.

Ƙa'idar da zan ba ka ita ce, tsohon kare da ya yi kwana ɗaya zuwa biyu bai ci ba, a nemi likitan dabbobi. Idan kuwa har ruwa ya ƙi, ko yana amai, ko zawo da jini, kada a jira gari ya waye sau biyu. Jihohinmu suna da asibitocin dabbobi na gwamnati, ga kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Gargaɗi kafin a taɓa shi

Tausayi ba ya hana hankali. Ƙin cin abinci yana cikin alamomin cutar haukan kare. Idan karenka ba a yi masa allurar rigakafi ba, ka ga halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau, muƙamuƙinsa ya saki, haɗiya ta gagare shi, ko yana kai cizo ga duk abin da ya gifta, to kada ka kuskura ka sa hannu a bakinsa da sunan duba ko ƙashi ne ya maƙale. Ka killace shi nesa da yara, ka kira ma'aikatan lafiyar dabbobi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta hanyar kare suka kamu. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya nufi asibiti a ranar. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu samar da allurar rigakafin karnuka a Nijeriya. Rigakafi dai ya fi magani.

Yadda za a ciyar da shi

Bayan an tabbatar ba wannan ba ce, ga abin da ke hannun mai gida. A fara da ruwa mai tsabta a inuwa, kusa da inda yake kwanciya. Kare yana buƙatar kimanin mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 15 yana buƙatar abin da ya kusa lita ɗaya, a lokacin bazara ma fiye da haka.

Abinci kuwa ya zama mai laushi, mai ɗan ɗumi, domin ɗumi yana tayar da ƙamshi. Dafaffiyar shinkafa da ta yi lugub, a haɗa da dafaffen ƙwai, ko tsokar kaza, ko kifin da aka zare wa ƙaya, a zuba romon da ba gishiri ba dunƙule. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a yini, shi kaɗai, ba tare da abokan hamayya ba. A ɗan ɗaga kaskon idan sunkuyawa tana ba shi wahala. Kuskuren da mai tausayi kan yi shi ne cika masa kasko rana ɗaya don ya yi saurin murmurewa. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka auka masa abinci mai yawa lokaci guda, sinadaran jininsa kan rikice har zuciya ta taɓu. A fara da ɗan kaso, a riƙa ƙarawa a hankali cikin mako guda. Idan likita ya gano ciwon ƙoda ne, shi zai faɗi gwargwadon naman da ya dace.

Akwai abubuwan da ba a ba shi ko kaɗan. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare, ga shi miyarmu ba ta rabuwa da su, don haka suɗin miya bai dace da mai ƙarancin jini ba. Inabi da zabibi suna lalata masa ƙoda, cakulan guba ne a gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Kada a ɗura masa abinci da ƙarfi, domin yana iya shiga huhu. Kada a sayo masa maganin ciwon jiki na mutane a kemis, irin su ibuprofen da diclofenac, domin suna ƙona masa ciki da ƙoda. Ko farasitamol ma sai da izinin likita. Haka nan shafa masa baƙin mai ko maganin ƙwarin gona don kashe kaska yana iya kashe karen kafin kaskar.

Masu cewa

Wani zai ce ai kare najasa ne. A mazhabar Malikiyya da aka karantar da mafi yawanmu a kanta, duk mai rai tsarkakke ne, har da kare, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne na bauta. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasarsa. Amma ko a wurinsu, hukuncin najasa wanki ne, bai taɓa zama izinin barin dabba ta mutu da yunwa ba. Ka ware masa kaskonsa, ka wanke hannunka, ka yi sallarka.

Wani kuma zai ce, mutane ba su ƙoshi ba, ana maganar ƙwai da kifi don kare? Wannan magana tana da nauyi, kuma babu shakka ɗan Adam shi ne gaba. Wanda iyalinsa ke kwana da yunwa, Allah bai ɗora masa abin da ba zai iya ba; ruwa da inuwa da jiƙa tuwo ya yi laushi ba sa cin ko sisi. In kuwa hakan ma ya gagara, ya nemi wanda zai karɓi karen. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa daga cikin masu wannan hujja, abin da suke kashewa a katin waya na mako ɗaya ya ishi kuɗin maganin tsutsa da na kaska.

Idan kuma likita ya tabbatar ciwon ba mai tashi ba ne, dabbar tana cikin azaba, to a littattafan Malikiyya akwai maganar halaccin hutar da dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita. Wannan shawara ce da za a yanke tare da malami da likita, a kuma yi ta hanya mafi sauƙi, ba da guba ko jifa ko yasarwa a daji ba.

Ya ɗan uwa, yara suna kallon yadda muke yi da duk wanda ƙarfinsa ya ƙare a hidimarmu, kuma daga nan suke ɗaukar darasi. Idan akwai irin wannan dabba a gidanku, ko da ba kai ka ajiye ta ba, ka leƙa kaskonta yau, ka duba ko akwai ruwa, ka yi wa maigida magana cikin ladabi. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Allah Ya sanya rahama a zukatanmu, Ya ji ƙanmu ranar da namu ƙarfin zai ƙare. Wassalamu alaikum.