A Gwada Ruwan, Kada A Dogara Da Lambar Na'ura

Da dama daga cikinmu masu aikin gadi da kula da gida a Legas, musamman Lekki da Ikoyi, an haɗa mana da kula da kwamin ninkaya. Wasu gidajen sun koma na'urar da ke juya gishiri zuwa kulorin ta hanyar lantarki.

Abin da nake yawan gani shi ne a murɗa ta zuwa kashi 100, a manta da ita. Ni ban yarda da wannan ba. Na'urar tana saurin lalacewa, ga ta da tsada. Kulorin kuma in ya yi yawa, fatar yara ta yi ƙaiƙayi, kayan wanka su koɗe, kai za a tuhuma.

Kuma ba ta yin komai sai famfo yana juya ruwa. In an ɗauke wuta yini guda ba a tada janareta ba, kashi 100 ɗin nan banza ne. Zafin rana yana cinye kulorin, ruwan damina kuma yana tsarma gishirin.

Don haka ka nemi maigida ya sayo takardar gwaji. Sau biyu a mako ka duba: kulorin tsakanin 1 da 3, pH tsakanin 7.2 da 7.8, gishiri wajen 3,000 ko yadda littafin na'urar ya ce. In za ka ƙara ko ka rage, kashi 10 ya isa, sannan ka jira kwana biyu ka sake gwadawa. In ruwan ya riga ya yi kore, kada ka jira na'ura, a hana yara shiga, a zuba kulorin na kanti.