Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa

Yawancin rubutattun waƙoƙin da matasa ke aiko muna gidan rediyo ciwonsu guda ne. Kowane ɗango ya ƙare da "ba" ko "ya", amsa-amo ya zauna daram, amma da ka ɗauko rerawa sai harshe ya riƙa tuntuɓe. Waƙar ba ta da kari.

A ganina laifin ba na yaran ba ne su kaɗai. A lakwal an koya muna waƙar Faransanci, inda ake ƙidaya gaɓoɓi: ɗangon Victor Hugo gaɓa 12, a yanka shi shida da shida. Sai yaro ya ɗauko wannan mudu ya auna Hausa da shi. To, Hausa ba ƙidaya take so ba, awo take so. Gaɓa ko dai mai nauyi ce, ko marar nauyi. Ɗauki kalmar "gari". In wurin zama ne, kamar Maraɗi ko Damagaram, gaɓar farko gajera ce. In na tuwo ne, doguwa ce. A takarda iri ɗaya suke, don boko ba ya nuna tsawon wasali, alhali ajami yana nunawa. Saka ɗaya a gurbin ɗaya, ido ba zai ga kome ba, amma kunne zai ji ɗango ya gurgunce.

Malamanmu na zaure sun san wannan tun daɗewa. Ilimin aruli da Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara a ƙarni na 8 ya fitar da karuruwa 15, daga baya aka ƙara na 16. Da irinsu Kamil da Basiɗ da Mutaƙarab aka gina waƙoƙin zamanin Shehu Usmanu. Dubi ma aikin tahamisi: mutum ya tarar da baiti mai ɗango biyu, ya ɗora masa uku a kai ya zama ƙwar biyar, kamar yadda Isan Kware ya yi wa "Tabban Haƙiƙa". Wanda bai riƙe karin mai waƙar farko ba, ina zai iya wannan ɗinki?

Wani zai ce ai Ɗan Gurmu na Tawa da Mamman Shata ba su karanta aruli ba. Gaskiya ne. Amma su kiɗa ke riƙe musu awo, shi ya sa ba su damu da amsa-amo ba sosai. Aliyu Namangi kuwa makaho ne, bai taɓa ganin baitin "Imfiraji" a takarda ba, da kunne ya auna shi.

Don haka mai son aiko muna waƙa, ya fara rera ta da ƙarfi, yana buga yatsa bisa tebur. Inda ya ji dole sai ya ja wasali ko ya haɗiye gaɓa kafin ɗango ya shiga, nan ne ɓarakar take, ya sake kalma. Malaman Hausa na makarantunmu kuma su sa yara rerawa a aji kafin su ba su alli.